Bene Mai Hawa Bakwai a Tafin Hannun Tobiya

Shekara ashirin da biyu Tobiya ya yi yana gyaran rediyo a unguwar Sarkin Dawaki, tun kafin a yanko jiha a kawo wa Jalingo gwamna da motocin jiniya. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da benci a bakin ƙofa. Mutumin Lau ne, ɗan masunci, amma ruwa bai riƙe shi ba. Ba shi da cika baki, sai dai yakan ce duk abin da ke da waya a ciki, in ya buɗe ya duba, zai gane ta inda maganarsa take shigowa.

Wata Talata cikin daminar 1999, Sista Keziah ta tsaya a shagon a kan hanyarta ta komawa gida. Nas ce, kuma cocinsu ɗaya. A bara coci ta tura ta Amurka ta yi wata shida tana koyon kula da tsofaffi. Bayan sun gaisa ta ciro wani abu daga jaka, naɗe cikin ɗankwali. Ɗan akwatin roba ne mai launin toka, bai kai sandar sabulun wanki tsawo ba, da ɗan gilashi a sama da maɓallai a ƙasa, da wani ƙaramin kaset soke a bayansa. Ta ce abin wasa ne, wani dattijo da ta yi jinya ne ya ba ta. Ta jefa shi a akwati ta manta, yanzu ta ɗauko ya ƙi kamawa.

Ciwon ba babba ba ne. Batir ne ya fashe a ciki ya cinye ƙarafan da ke taɓa shi. Washegari da hantsi Tobiya ya kankare tsatsar, ya goge da sifirit, ya ɗiga dalma a inda waya ta rabu, ya sa sababbin batura huɗu. Niyyarsa ya kunna ya ga ya kama, ya kashe, ya koma kan rediyoyin mutane.

Wani siririn kiɗa ya fito. Gilashin ya yi kore-kore, rubutun Turanci ya wuce, ya danna maɓallin da ya fi kusa da yatsansa. Sai ga ɗan mutum, bai fi ƙwayar wake ba, da jaka a bayansa, tsaye a ƙofar wani dogon bene. Tobiya ya taɓa maɓallin sama, ɗan mutumin ya taka. Ya sake taɓawa, ƙofa ta buɗe, ya shige.

A ƙasa akwai mai gadi a bayan tebur. Akwai matakala a gefe, da ƙofofi a jere. Ya tura ta farko. Wata mata ce a gaban murhu, kusa da ita wata dabba mai kama da bushiya, amma duwatsu ne a bayanta maimakon ƙaya, tana barci, cikinta na ɗagawa yana sauka. A hawa na biyu ya iske wani mutum da tunkiya wadda gashinta hadari ne, tana bin tukwanen furanni tana yi musu yayyafi. A na uku mata biyu ne, kowace da nata dodon a gindinta, sun juya wa juna baya. Kowane ɗaki da gadonsa da tagarsa, da mutanensa da dabbarsu, wani a kan wani, ba wanda ya tsorata da kowa. Da ya kai ƙofa ta shida sai ya ji bakinsa ya ce, “Gafaranku dai,” kafin ya tura. Ya ɗaga kai ya duba ko wani ya ji shi. Ba kowa, rana ta riga ta take tsaka.

Abin da ya tsaya masa a rai ba dodannin ba ne. Rediyo ya san ta: mutum na magana a Kaduna, iska ta ɗauko, eriya ta cafke. Talabijin ma haka. To wannan benen daga wace tasha ake aiko shi? Ya juya akwatin ya nemi eriya, babu. Ya sa shi cikin tsohuwar adakar ƙarfe inda ko gajeren zango ba ya kamawa, ya leƙa ta ƙarƙashin murfi, bushiyar na nan tana barcinta. Daga ƙarshe ya kashe, ya zare kaset ɗin, ya ga sukurinsa ba irin wanda ya saba ba ne, sai da ya goge bakin wata sukundireba da magagari kafin ya kwance shi. Ɗan allo kore ya gani, da baƙaƙen ƙwayoyi uku, babbar ba ta wuce farcen babban yatsa ba, da ɗan batir kamar maɓallin riga. Ya sa madubin da yake duba ƙananan wayoyi, ya daɗe yana kallon babbar ƙwayar. Ba taga, ba ƙofa. Ya mayar da komai yadda yake.

Da la'asar Malam Hashim ya zo karɓar rediyonsa. Magini ne, mazaunin unguwar Turaki, kakanninsa daga Zariya suka zo, kuma shi ya ja ginin benaye da dama cikin waɗanda suka tashi a garin bayan an yi jiha. Abotarsu ta kai shekara goma sha biyar, Injiniya yake kiran Tobiya. Ya tarar ba a taɓa rediyon ba, ya buɗe baki zai yi ƙorafi, Tobiya ya miƙa masa akwatin kawai. Malam Hashim ya zauna a benci. Ya sa aka zaga da shi hawa-hawa har na biyar, inda matakala ta ƙare a jikin bango. Sai ya ce a fitar da ɗan mutumin waje ya ga ginin daga titi. Ya sa farce a gilashin yana ƙirga layin tagogi.

“Injiniya, bakwai ne,” in ji shi. “A ciki biyar muka hau. Ina biyun?”

Tobiya ya ce wataƙila ado ne kawai mai zanen ya yi. Malam Hashim ya girgiza kai. Ya ce wanda ya tuna ya sa wa kowace matakala wurin hutawa, ya jera banɗakunan gidan a kan layi ɗaya don bututu ya sauka kai tsaye, ba zai zana tagar ƙarya ba. Ya nuna wata ƙofa mai ganye biyu kusa da mai gadi, wadda ta ƙi buɗuwa. Ya ce wannan lif ne, ɗan ɗakin da ke hawa da mutane, ya taɓa shiga irinsa sau ɗaya a Kaduna.

Da Keziah ta dawo ran Alhamis ta iske su biyu kai a haɗe. Tobiya ya roƙe ta kada ta karɓa tukuna, ta karanta musu abin da mutanen gidan ke cewa, don Turancinsa na jikin rediyo ne. Ta zauna ta karanta. Matan nan biyu na hawa na uku, ashe ya da ƙanwa ne, suna gaba a kan dodon waye ya cinye abincin waye. Mai gadi kuwa cewa yake lif ya mutu tun da injin ƙasa ya yi sanyi, ba zai tashi ba sai an kawo masa mai cizo ba da haƙori ba. Tobiya ya yi dariya, ya ce ashe can ma ana ɗauke wuta.

Keziah ba ta yi dariya ba. Ta ce a daidai nan Mista Elias ya tsaya. Shi ne dattijon da ya ba ta abin. Tsohon malamin makaranta ne, shekararsa tamanin da ɗaya, yana zaune shi kaɗai a hawa na tara na wani bene inda ta riƙa zuwa duba shi sau uku a mako. Jikarsa ce ta saya masa don yatsunsa su riƙa motsi. A wasan mutum yawo yake gari-gari yana kama dodanni a cikin ƙananan tuluna, yana rainon su, kuma dattijon ya kama talatin da takwas, kowanne ya raɗa masa suna. Ya yi makonni yana kai wa mai gadin nan duk dodon da ya ga dama, a banza. Sannan idonsa ya fara dushewa. Ranar da za ta taho ya damƙa mata, ya ce ta nemo mai ido da haƙuri ya hau masa, ta rubuto masa abin da ke sama. Ta ce ita kam ta ɗauka rigimar tsufa ce, har ta kwashe wata biyar ba ta waiwayi zancen ba, yanzu kuma abin yana damunta.

Malam Hashim ne ya gano injin. Ya ce magini ba ya barin ƙarƙashin matakala a banza, a je a dudduba can. Tobiya ya manna ɗan mutumin da bangon, ya danna, wata ƙofa da ba a gani ta buɗe, ga matakala mai gangarawa. A ƙasa akwai wani ƙaton inji, da kwarmin ruwa a gabansa, ba komai a ciki.

Tobiya ya kalli kwarmin nan, ya ajiye akwatin a cinya. Ya ce yana ɗan shekara tara ya zura hannu cikin gurar kamun kifi ta babansa a bakin kogin Binuwai, wani kifi mai santsi ya taɓa shi, hannun ya mutu har yamma. Ba haƙori, ba ƙaya. Minjirya ce.

Akwai kogi a wasan, a gabas da garin benen, kuma akwai ƙugiya cikin kayan da Mista Elias ya tara a jakar ɗan mutumin. Dattijon ya yi ta jefa ta a sarari inda ruwa ke gudu. Tobiya ya san minjirya ba ta son haske, ba ta son igiyar ruwa, ƙarƙashin saiwa da kogon dutse take kwanciya. Bai san ko mutanen da suka ƙera wasan sun san haka ba. Ya dai kai ɗan mutumin gindin gada, inda inuwa ta fi duhu, ya jefa. Kwana uku yana fitar da ƙananan dodannin ruwa yana sakewa. Rediyoyi suka taru a kan kanta. Matarsa Godiya, da ta kawo masa abinci ta gan shi, ta ce ya gudu daga sana'ar su a Lau yana yaro, ga shi da furfura su ya biyo shi har cikin shago.

A rana ta huɗu ƙugiya ta yi nauyi, gilashin ya yi walƙiya, sai ga wani dodo mai ƙiba da gashin baki dogaye, tartsatsi na fita a jikinsa. Da ƙyar ya shigar da shi tulu. Yana miƙewa zai aika a kira Malam Hashim, ɗan jan hasken gefen akwatin ya dushe, gilashin ya mutu. Batura sun ƙare. Da ya sa wasu, ɗan mutumin yana ƙofar bene inda Mista Elias ya bar shi, tulunan talatin da takwas ne, ba ƙari. Ranar ko tuwon rana bai ci ba.

Keziah ta nuna masa inda ake dannawa don wasan ya riƙe abin da aka yi. Shi kuma ya jawo waya daga batir ɗin babur, ya rage ƙarfinta daidai, ya haɗa. Ya koma gindin gada. Ran Juma'a, Malam Hashim na dawowa daga masallaci, ya tarar da shi zaune, Tobiya ya ɗaga masa gilashin kawai, ga dodon a cikin tulu. Suka yarda ba za su hau ba sai Sista tana nan.

Ta zo ran Asabar da azahar, bayan an ɗauke ruwa. Suka jawo benci cikin shago, Tobiya a tsakiya. Ya gangara ɗakin inji ya saki dodon cikin kwarmin. Injin ya yi tari, ya kama ruri. Da ya hauro, mai gadi ya miƙe tsaye, ƙofar mai ganye biyu ta rabu.

A hawa na shida ɗakuna ne a buɗe, an lulluɓe kujeru da zannuwa. Tsoho ɗaya ne kawai a bakin taga. Keziah ta karanta maganarsa: ya ce tun da lif ya tsaya yake nan, kuma bai gaji ba, su ƙarasa sama su ga dalili.

Hawa na bakwai ba shi da ɗakuna. Fili ne, tagogi ta ko'ina. Tobiya ya taka da ɗan mutumin zuwa tsakiya, sai kiɗan da ya yi kwana goma yana ji ya tsaya cak. Maɓallan suka daina amsawa. Hoton ya fara tafiya da kansa, a hankali, ya fita ta taga, ya bar rufin gidajen garin, ga gadar da ya yi su, ga kogin yana lanƙwasa, ga garuruwan da dattijon ya ratso ɗaya bayan ɗaya, ƙanana kamar an watsa gero, ga daji, ga duwatsu, can ƙarshe ruwa ne ba gaɓa. Sai inuwa ta faɗo kan ƙasar duka. Wani abu ya shigo ta gefen gilashin. Kan wata halitta ne, shi kaɗai ya cika gilashin. Ya wuce, wuya ya biyo, ya yi ta wucewa. Fiffike ya zo, ana ganin gashinsa ɗaya-ɗaya, a ƙarƙashinsa garuruwa na shiga duhu suna fita. Wani fiffiken ya biyo. Ba wanda ya san tsawon lokacin da aka ɗauka kafin bakin wutsiyar ya fice. Haske ya dawo, kiɗa ya dawo, ɗan mutumin na tsaye inda yake.

Ruwa na ɗiga daga bakin kwano a waje. Malam Hashim ya cire hularsa ya riƙe.

“Ikon Allah,” ya ce a hankali. Can kuma ya ƙara, “Mutum ne fa ya zauna ya yi wannan. Ya gina shi, ya rufe shi a inda mai yiwuwa ba wanda zai kai.”

Tobiya ya juya akwatin ya dubi bayansa. Tunaninsa na kan baƙar ƙwayar nan da ya duba da madubi. Duk lokacin da akwatin ke kwance cikin ɗankwali a ƙasan akwatin Sista, wannan abu yana ciki, da fukafukansa.

Keziah ta ce a sake, ta lura da kyau don ta rubuta. Suka sauka suka hau. Ƙasar ta bayyana kamar ɗazu, amma sararin wayam. Suka gwada sau huɗu. Tsohon hawa na shida ya canza magana, yanzu cewa yake abin ba ya wucewa sau biyu a idon mutum ɗaya. Keziah ta juya fuska tana share ido da bakin gyale. Ta ce da ma wai ta yi niyyar in an samu mai tafiya ta mayar wa dattijon kayansa ya kalla ko da dishi-dishi ne, ga shi sun cinye masa rabonsa.

Malam Hashim ya ce ba su cinye ba, aike aka yi musu, saura su kai saƙo. Ya yago takardar buhun siminti da Tobiya ke shimfiɗa wa kayan gyara, ya ciro fensir daga bayan kunne, ya fara zane tun abin bai gushe musu ba. Nan gardama ta tashi. Shi fukafukai huɗu ya gani, Keziah ta ce shida, Tobiya ya ce shi kam bai ƙirga ba, idon abin yake kallo, kuma ya rantse idon ya juyo ya dube su. Suka bar kowa da nasa. Ran Litinin Malam Hashim ya kawo zanen benen a farar takarda, hawa bakwai da ɗakin inji, da ma'auni a gefe kamar wanda za a kai ma'aikatar ayyuka. Keziah ta rubuta shafi huɗu, ta sa har da saɓanin fukafukan, ta kai gidan waya.

Mako bakwai aka yi kafin amsa ta zo. Rubutun ba na Mista Elias ba ne, wata maƙwabciyarsa ce ta rubuta da bakinsa, don idon ya tafi gaba ɗaya. Keziah ta karanta musu a shago tana juyawa da Hausa. Ya ce an karanta masa wasiƙar sau uku, an kuma ɗora yatsansa a kan zanen an bi da shi hawa-hawa. Ya ce a batun fukafukai shi ya zaɓi shida. Ya ce akwatin ya zama na Tobiya, ya kula masa da dabbobinsa. Sai tambaya ɗaya a ƙarshe: da gaske ne akwai kifi mai wuta a koginsu, ko Sista ta ƙara gishiri ne don ta faranta wa tsoho? In akwai, yana son hoto, maƙwabciyar za ta gaya masa kamanninsa.

Ranar kasuwa Tobiya ya rufe shago ya hau motar Lau, rabonsa da garin shekara uku. Ƙanensa Barnabas, wanda ya gaji jirgin babansu, ya saurari bayanin har ƙarshe bai gane rabinsa ba, amma ya ce minjirya ba wuya. Washegari da safe ya kawo ɗaya a kwano, mai tsawon kamu biyu, tana motsa gashin baki. Aka kira Suleiman mai hoto daga bakin tasha. Ya saita kyamararsa, ya ce kifin ya karkace, kafin a hana shi ya zura hannu zai gyara masa kwanciya. Sai da aka jira kusan rabin awa yana zaune a ƙasa riƙe da kafaɗa, masunta na dariya, sannan ya iya ɗaga kyamarar.

Hoton ya fito da kyau. Tobiya ne tsugune a bakin ruwa da rigar zuwa coci, kwanon a gabansa, Barnabas tsaye a baya da filafili, Binuwai ta cika har ba a ganin ƙetare. A bayan hoton Keziah ta rubuta sunan kifin da Hausa, harafi-harafi, yadda maƙwabciyar za ta iya furta masa.